Tumakin Pouilly-le-Fort: gwajin rigakafin 1881 da abin da Pasteur ya ɓoye

A watan Mayun 1881, a wata gona dake ƙauyen Pouilly-le-Fort kusa da garin Melun, kudu maso gabas da Paris a ƙasar Faransa, an tara tumaki 48 da awaki 2 da shanu 10, aka raba su gida biyu, kashi ɗaya akayi musu allurar rigakafi ɗaya kashin kuma aka barsu haka nan, daga baya aka zo aka ɗura musu ƙwayar cuta mai kisa dukkansu a gaban jama'a. Wanda ya kawo rigakafin, Louis Pasteur, tun kafin a taɓa dabba ko ɗaya ya riga ya sa hannu a takarda cewa tumakin da akayi wa allura zasu rayu, waɗanda ba'a yi wa ba kuma zasu mutu kaf. Kuma fa mai gonar da ya shirya gwajin ba masoyinsa bane, mutum ne da yake ganin duk zancen ƙwayoyin cuta yayi ne kawai da zai wuce.

Cutar da ake magana akanta ita ce wadda makiyayanmu suke kira ciwon saifa, a labarai kuma zaka ji ana cewa antaraks. Duk wanda ya taɓa ganin aikinta baya mantawa, dabba tana kiwo lafiya lau da safe kafin la'asar ta fara rawar jiki ta faɗi shikenan, jini baƙi wanda baya daskarewa yana fitowa ta hanci da baki da dubura, in aka feɗe ta a tarar saifa ta kumbura tayi baƙi ƙirin. Bata tsaya kan dabbobi ba, mahauta da majema da masu aikin gashin tumaki suna kamuwa, wani maruru ne zai fito da baƙin kai a hannu ko a wuya, in kuma ta huhu ta shiga to da wuya mutum ya kai labari. A Faransa ta wancan lokacin yankin Beauce ne yafi shan wahala, asarar da manoma keyi duk shekara ta miliyoyin kuɗi ce, har akwai wasu filayen kiwo da suke kira la'anannun gonaki sabida duk garken da aka kai wajen sai an kwashi mushe, ko da kuwa anyi shekaru ba'a kai dabba ba.

To me ke kawo ta? Nan ne rigimar take. Yawancin likitocin dabbobi na lokacin cewa suke daga ƙasa ne, ko gurɓatacciyar iska mai tashi daga fadama, ko zafin rana, ko abinci yayi wa dabbar yawa jininta yayi kauri. Haka ma a ɓangaren mutane, manyan likitoci da yawa sun tafi akan cewa cuta daga cikin jiki take tsirowa da kanta idan yanayi ya ɓaci, ƙananan halittun da ake gani a jinin mara lafiya kuma wai sakamakon cutar ne, ba sune sanadi ba.

Rigakafi kuwa an san shi, amma guda ɗaya tak. Tun ran 14 ga Mayun 1796 Edward Jenner, likitan ƙauye a Berkeley ta ƙasar Ingila, ya ɗebi ruwan ƙurjin da ya fito a hannun wata mai tatsar nono, irin ƙurajen da ake ɗauka a jikin shanu, ya tsaga hannun wani yaro ɗan shekara 8 mai suna James Phipps ya shafa masa, daga baya ya gwada shi da agana bata kama shi ba. Kafin Jenner ɗin ma mutane a Indiya da Turkiyya har da nan Afirka ta Yamma suna tsaga fata su sa ruwan agana kaɗan don mutum yayi mai sauƙi ya tsira daga mai tsanani. Amma Jenner bai san me ke cikin ruwan ƙurjin ba, shi dai ya tarar da wata cuta mara ƙarfi da Allah ya halitta wadda take kare mutum daga 'yar uwarta mai ƙarfi, kuma ba kowace cuta ce take da irin wannan 'yar uwa a jikin saniya ba. Shi yasa aka shekara sama da 80 ba'a ƙara samun rigakafi na biyu ba. Sai an san abinda ke kawo cutar, an kama shi, an raine shi a kwalba, sannan a fara tunanin rage masa ƙarfi.

Ciwon saifa ne ya fara bada wannan damar don ƙwayarsa babba ce, tana ganuwa da sauƙi a madubin ƙara girma. A 1850 Casimir Davaine da Pierre Rayer suka ga wasu 'yan sanduna a jinin tumakin da cutar ta kashe, a 1863 Davaine ya dawo yace ai su ne sanadin. Aka ce masa to in haka ne ya akayi fili yake riƙe cutar shekara da shekaru alhali waɗannan sandunan naka suna mutuwa cikin 'yan kwanaki? Bashi da amsa. Amsar sai a 1876 ta fito daga hannun Robert Koch, wani likitan karkara ɗan shekara 32 a garin Wollstein, a lokacin yana ƙarƙashin Jamus yanzu kuma yana Poland, wanda a cikin gidansa yake gwaje-gwajensa da ɓeraye. Koch ya raini ƙwayar a cikin ruwan idon shanu, ya zauna yana kallonta tana tsawo kamar zare, sai yaga idan abinci ya ƙare mata kuma akwai iska tana dunƙulewa ta zama wasu 'yan ƙwallaye masu taurin ɓawo, zafi baya kashe su da sauƙi bushewa bata kashe su. Kamar dai irin ciyawa ne da yake kwance cikin ƙasa duk tsawon rani kai kace babu komai a wajen, ruwan farko na sauka sai ya tsiro. Haka waɗannan suke jira a ƙasa har sai sun shiga jikin dabba.

Pasteur ya shigo maganar a 1877. Shi ba likitan mutane bane ba kuma na dabbobi ba, masanin haɗa sinadarai ne da yayi suna akan binciken yadda abubuwa ke tsami da ruɓewa da kuma cutar tsutsar siliki, kuma tun 1868 shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa ɓangaren hagu, don haka yawancin aikin hannu yaransa ne keyi, Émile Roux da Charles Chamberland, daga baya da wani matashi Louis Thuillier. Wannan rashin takardar likitanci na daga cikin abinda yasa likitoci suke jin haushinsa, wai ya za'ayi wanda bai taɓa duba mara lafiya ba yazo yana koya musu sana'arsu.

Abinda ya fara yi shine ya ɗiga jinin dabba mai cutar a kwalbar fitsarin da aka tafasa, ƙwayar ta hayayyafa, ya ɗebi ɗigo ɗaya ya sa a sabuwar kwalba, daga nan zuwa wata, haka haka har sai da ya zamana babu sauran ɓurɓushin jinin farko da za'a ce shine ke ɗauke da guba, amma ɗigo ɗaya daga kwalbar ƙarshe yana kashe dabba da ciwon saifa sak. Sai kuma maganar kaji, wadda ni tana burge ni sosai don tana nuna yadda mutumin yake tunani. An san kaza bata kamuwa da wannan ciwo, shi kuma yayi zargin zafin jikinta ne yayi wa ƙwayar yawa tunda ya haura na tumaki. A 1878 ya shiga zauren majalisar likitoci ta Paris da keji ɗauke da kaji uku, ɗaya an mata allurar cutar an tsoma ta a ruwan sanyi ta mutu, ɗaya an tsoma ta a ruwan ba'a mata allura ba tana nan garau, ɗaya an mata allurar ba'a tsoma ta ba itama garau. Kaga ya toshe bakin mai cewa sanyi ne ya kashe ta kenan tun kafin ya buɗe baki. La'anannun gonakin nan kuma ya bi su ya gano mushen da ake binnewa a wajen ne, tsutsar nan da ake kira tana ce take tono ƙasa daga ƙasa tana fito da ƙwallayen cutar sama inda tumaki ke kiwo.

A tsakanin 1879 da 1880 sai ga wani abu ya fito a binciken kwalarar kaji. Ƙwayar da aka bari ta daɗe a kwalba ba'a sabunta mata romo ba sai ƙarfinta ya ragu, in akayi wa kaza allurarta zata ɗan yi laushi ta warware, in kuma aka dawo aka yi mata sabuwa mai ƙarfi bata mutuwa. Pasteur yace iskar oksijin ce ke rage mata ƙarfi a hankali. Wannan shine karo na farko da mutum ya ƙera rigakafi da hannunsa a ɗakin gwaji, kuma nan take ya ɗora ransa akan cewa wannan hanyar ta iska ita ce mabuɗin dukkan sauran cututtuka.

Ana cikin haka wani ya riga shi. Henri Toussaint, matashin malami a makarantar likitocin dabbobi ta Toulouse, mutum ne mai ganin girman Pasteur ƙwarai, shine ma ya aiko masa da ƙwayar kwalarar kajin da yayi aiki da ita. A watan Yulin 1880 Toussaint ya sanar cewa ya kare tumaki daga ciwon saifa, ta hanyar ɗumama jinin dabba mai cutar a digiri 55 na minti 10, daga baya kuma ya koma zuba wa jinin asid ɗin kabolik, wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta. Hanyar tasa bata gama nuna ba, a gwajin da akayi a Alfort kusa da Paris cikin watan Agusta an yi wa tumaki 20 allurar 4 suka mutu daga ita allurar kanta, amma sauran 16 sun samu kariya. Labarin ya tarar da Pasteur yana hutu a Arbois kuma bai ji daɗinsa ba ko kaɗan, ya sa Roux da Chamberland suka maimaita aikin, suka nuna cewa zafin baya kashe ƙwayar kamar yadda Toussaint ya ɗauka, raunata ta kawai yakeyi kuma ba kullum daidai ba. Ran 28 ga Fabrairun 1881 Pasteur ya fito da tasa hanyar, a raini ƙwayar a digiri 42 zuwa 43 inda bata iya yin ƙwallayen nan masu ɓawo, a bar iska tana dukanta kwana da kwanaki har tayi laushi. Ya kuma fito fili yace tasa tafi ta Toussaint.

Nan Hippolyte Rossignol ya shigo. Likitan dabbobi ne a Melun, yana cikin masu rubutu a wata mujallar likitocin dabbobi, kuma a farkon shekarar ya rubuta yana shaguɓe cewa zancen ƙwayoyin cuta ya zama wata aƙida da ba'a yarda kowa yayi musu da ita ba. Shi ya zaga ya tara gudummawa wajen manoma, ya shawo kan ƙungiyar manoman Melun ƙarƙashin Baron de la Rochette ta bada dabbobi, ya bada gonarsa, akace to malam ga fili ga mai doki. Ran 28 ga Afrilu Pasteur ya sa hannu. Tumaki 60 aka bayar, 10 za'a ware gefe ba za'a taɓa su ba don a riƙa kwatantawa, 25 a musu rigakafi sau biyu, 25 a barsu, daga baya aka musanya tumaki biyu da awaki biyu aka kuma ƙaro shanu, duk da Pasteur ya faɗa musu gaskiya cewa bai gama gwada abin akan shanu ba.

Roux da Chamberland hankalinsu ya tashi da suka ga takardar, sabida babu wata ƙofar fita a cikinta, ba'a ce yawanci zasu rayu ba, ba'a ce muna sa rai ba. Shi kuwa amsar da ya basu ita ce abinda yayi aiki akan tumaki 14 a ɗakin gwaji zai yi aiki akan 50 a Melun.

Ran 5 ga Mayu akayi allurar farko, tumaki 24 da akuya 1 da shanu 6, tumakin a cikin cinya, aka huda musu kunne don a bambanta su da sauran. Ran 17 ga wata akayi ta biyu wadda ta fi ta farko ƙarfi. Yaran Pasteur suna zirga-zirga daga Paris suna auna zafin jikin dabbobin. Sai ran 31 ga Mayu, ranar da za'a sa musu mai kisan, dabbobi 31 masu rigakafi da 29 marasa shi. Wannan ranar ce nake so a lura da ita da kyau. Wani likitan dabbobi mai suna Biot yazo da shawarar Gabriel Colin, malami a makarantar likitocin dabbobi ta Alfort wanda ya daɗe yana jayayya da Pasteur, cewa kar a yarda da kwalbar nan, wai saman ruwan bashi da ƙarfi ƙwayoyin suna kwance a ƙasa, za'a iya ɗibar na sama ayi wa masu rigakafi a ɗebi na ƙasa ayi wa sauran. Biot yace sai an girgiza kwalbar, aka girgiza. Yace a ƙara yawan abinda za'a ɗura, aka ninka sau uku. Aka ce a riƙa yi ɗaya bayan ɗaya, mai rigakafi sannan mara rigakafi, aka yi hakan. Duk sharaɗin da masu shakka suka kawo an karɓa, aka watse akan za'a haɗu ran 2 ga Yuni da ƙarfe 2 na rana.

Washegari labari mara daɗi ya iso Paris, wasu daga cikin tumakin da akayi wa rigakafi jikinsu yayi zafi, ɗaya ma kamar ba zata kai ba. Pasteur da ya nuna ƙarfin hali a gaban jama'a daren nan bai samu natsuwa ba, har ya huce akan Roux. Da safe saƙon tangaraho ya iso daga Rossignol ɗin da kansa cewa abin yayi kyau matuƙa.

Da suka isa gonar mutum sama da 200 ne a tsaye, manoma, likitocin dabbobi da na mutane, 'yan majalisa, 'yan jarida har da wakilin jaridar Times ta Landan, Henri de Blowitz. Cikin marasa rigakafi tumaki 21 da akuyar sun riga sun mutu an jera mushensu, wasu 2 suka faɗi a gaban idon mutane, ta ƙarshen ta cika kafin dare. Shanu 4 da ba'a yi wa ba basu mutu ba amma wajen allurar ya kumbura sosai ga zazzaɓi, 6 ɗin da akayi wa kuwa ko alama babu. Tumaki 24 da akuya masu hujin kunne suna tsaye suna cin abincinsu. Tunkiya ɗaya cikinsu ta mutu ran 3 ga Yuni, aka feɗe ta, Rossignol na cikin masu dubawa, aka tarar tana da ciki kuma ɗan ya daɗe da mutuwa a cikinta.

Gani ya kori ji. Amma ni a ganina ba yawan mushen bane ya ba wannan gwajin nauyi, tsarin da akabi ne. An faɗi abinda zai faru tun kafin ya faru an rubuta, ba'a bari sai abu ya auku sannan a nemo masa fassara ba. An ajiye dabbobin da ba'a yi wa komai ba a gefe ɗaya da sauran, gona ɗaya abinci ɗaya iska ɗaya, to in iska ce ko ƙasa ke kawo ciwon me ya hana ta kashe masu hujin kunne? In da dukkansu akayi wa rigakafi suka rayu ai da sai ace ƙwayar ce dama bata da ƙarfi. Sannan wurin na abokin hamayya ne, idon da ke sa ido nashi ne, sharuɗɗan ma nashi. A yini ɗaya manomin da bai taɓa leƙa madubin ƙara girma ba ya ga abu biyu, cewa wani abu da aka raina a kwalba shi ke kawo wannan ciwo takamaimai, kuma shi wannan abun in aka raunata shi yana zama kariya. Rossignol ya sauko ya koma cikin masu goyon baya, gonar ma aka sa mata sunan Pasteur. Gwamnati ta bashi babbar lambar girmamawa, shi kuma yace ba zai karɓa ba sai an haɗa da Roux da Chamberland, aka basu.

Saura abinda jama'ar da suka taru basu sani ba. Rigakafin da akayi amfani da shi a Pouilly-le-Fort ba na iskar oksijin bane. A lokacin da Pasteur ya sa hannu nasa bai gama zama abin dogaro ba, su Chamberland da Roux kuma a gefe suna gwada raunata ƙwayar da wani sinadari mai suna fotasiyam daikuromet, kuma nasu yafi tsayawa daidai. Shi aka ɗauka aka tafi dashi gonar. Raunata ƙwayar cuta da sinadari mai kashe ƙwayoyi kuwa ai layin Toussaint ne, mutumin da Pasteur ya gama cewa hanyarsa bata kai tasa ba. Da ya tashi bada rahoto a majalisar masana kimiyya ran 13 ga Yuni bai ambaci sinadarin ba, ya jera maganarsa yadda duk mai sauraro zai tafi da fahimtar cewa hanyar iskar da ya sanar a Fabrairu ce tayi wannan aiki.

Abin ya daɗe a rufe. Pasteur ya umarci iyalinsa kar su nuna wa kowa littattafan da yake rubuta aikinsa na yau da kullum, Adrien Loir, ɗan 'yar uwar matarsa da yayi aiki a ƙarƙashinsa, ya taɓo maganar a 1938 amma bata yi nisa ba. Sai a 1964 jikansa ya miƙa littattafan ga babban ɗakin karatu na ƙasa a Paris, aka buɗe su ga masu bincike a shekarun 1970, a 1995 kuma masanin tarihi Gerald Geison na jami'ar Princeton ya baje abin dalla-dalla daga rubutun hannun Pasteur ɗin kansa.

Akwai masu kare shi, kuma hujjarsu ba ta banza bace. Suna cewa Toussaint jini yake zuba wa kabolik, su Chamberland kuwa tsantsar ƙwayar da aka raina suke aiki da ita da wani sinadarin daban, a cikin ɗakin gwajin Pasteur, don haka ba sata bace. Suna kuma cewa daga baya hanyar tasa ta nuna, kuma in da ya fito da sirrin a lokacin da wasu sun kwaikwaya ba daidai ba su kashe dabbobin mutane a ɗora wa rigakafi laifi. Na yarda ba sata bace. Amma haƙƙi ne, kuma an danne shi. Jimla ɗaya ta isa, yace mun yi amfani da sinadari kuma Toussaint ne ya fara bin wannan hanya, da babu abinda zai ragu daga tumakin da suka rayu. Abinda ya hana shi faɗa shine son ace hanyarsa ce ita kaɗai, ga kuma maganar suna da tallafin gwamnati da cinikin rigakafin da ke tafe. Toussaint kuwa a wannan tsakanin ciwon jijiyoyi ya kama shi, aikinsa ya tsaya, ya rasu a 1890 yana da shekara 43, kuma yau in ba mai bin tarihin fannin ba da wuya ka samu wanda ya san sunansa. Wannan yana min ciwo, don shi ya fara da girmama Pasteur ne har yana aiko masa da kayan aiki.

Bayan gwajin ma ba komai ne ya tafi sumul ba. Buƙata tayi yawa, aka shiga haɗa rigakafin da gaggawa, wani zubin yayi ƙarfi ya kashe tumaki wani yayi rauni bai kare su ba. A 1882 malaman makarantar likitocin dabbobi ta Turin a Italiya suka maimaita gwajin dabbobin da akayi wa rigakafi suka mutu, Pasteur yace jinin da suka gwada dasu daga mushen da ya wuce awa 24 aka ɗebo shi, wasu ƙwayoyin ruɓa sun riga sun shiga, aka daɗe ana musayar zafafan takardu. Koch da ɗalibansa suma suka taso, suna cewa kwalaben Pasteur ba tsantsa bane kuma baya bayyana yadda yake haɗa abinsa yadda wani zai iya maimaitawa, kuma a wannan na biyun kam yanzu mun san suna da gaskiya fiye da yadda su kansu suka sani. Sun yi karo a taron Geneva a Satumban 1882, ga kuma tsamin yaƙin Faransa da Jamus na 1870 da bai bar zukatansu ba. Amma lissafin gonaki shi ya raba gardama, rahoton da Chamberland ya fitar a 1894 ya nuna an yi wa tumaki sama da miliyan 3 da shanu sama da 400,000 allurar a Faransa, asarar tumaki kuma ta sauko ƙasa da 1 cikin 100.

Wani abin lura, bayanin da Pasteur yake bayarwa na dalilin da yasa rigakafi ke aiki ba daidai bane. Shi a tunaninsa ƙwayar mai rauni tana cinye wani abinci ne a jikin dabba, in mai ƙarfin tazo sai ta tarar babu abinda zata ci. Sai daga baya aikin Élie Metchnikoff akan ƙwayoyin jini masu cinye baƙin abu, da na Emil Behring da Kitasato a 1890, ya nuna jiki ne da kansa yake koyon faɗa da cutar. Thuillier, ƙaramin cikin yaran da suka riƙe tumakin nan, kwalara ta kashe shi a Iskandariya ta Masar a 1883 yana da shekara 27, ya je binciken annobar. A Yulin 1885 aka kawo wa Pasteur yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, da mahaukacin kare ya cije, daga nan rigakafin ɗakin gwaji ya tsallaka zuwa jikin ɗan Adam.

Rigakafin ciwon saifa da ake yi wa dabbobi yanzu ba na Pasteur bane, na Max Sterne ne da ya samar a Onderstepoort ta Afirka ta Kudu a shekarun 1930, yafi aminci nesa ba kusa ba, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa rigakafin wannan ciwo. Cutar dai bata tafi ko'ina ba, a watan Yunin 2023 ta ɓulla a arewacin Ghana, a Yuli aka tabbatar da ita a wata gona a Suleja ta jihar Neja, lokacin da aka riƙa gargaɗi akan cin ganda. Shawarar da likitocin dabbobi suke bayarwa kai tsaye daga binciken Koch take, dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura kar a yanka kar a feɗe kar a ja ta a ƙasa, sabida muddin cikinta a rufe yake ruɓa zata kashe yawancin ƙwayoyin, da zarar kuwa iska ta taɓa jinin zasu dunƙule su zama ƙwallayen nan da ke iya shekaru gommai a ƙasa. A kira likitan dabbobi, a ƙone mushen ko a binne shi da zurfi, sauran garken kuma ayi musu allura duk shekara.